Mota Ta Kwanta a Gareji: Aron ta Yaya, Ɗan Babur, Ko Maneji da Abin da Ya Rage a Gida?

A babban gida irin na Garwa, a Arewacin Kamaru, inda maigida ke da shago ko ofis, yara na makarantu biyu ko uku daban-daban, ga tsohuwa mai ganin likita, ga uwargida da amarya kowacce da hidimarta, ranar da mota ɗaya ta shiga gareji kowa sai ya ji a jikinsa. Wa zai kai yara? Wa zai je kasuwar Pitowa ran Lahadi? Mafita ba ta da yawa. Ko dai a yi maneji da abin hawan da ya rage a gida, ko a ari motar ɗan'uwa, ko a koma wa 'yan babur, ko kuma a yi haya. Galibi aro ake fara dosa, don shi ne ake ganin ba ya cin ko sisi. Ni kuwa shi nake ajiyewa can ƙarshe.

Amma kafin a kai ga zaɓi, akwai abin da ya kamata a sani: kwana nawa motar za ta yi a hannun makanike? Kada ka tambaye shi haka kai tsaye, don amsar a bakinsa take: "Alhaji, gobe da la'asar ka zo ka ɗauka, in sha Allahu." Ba lallai ne yaudara yake nufi ba. Tsawon aikin hannunsa yake gaya maka, ba ranar da kaya za su iso ba. Abin da za ka tambaya shi ne, ƙarfen da za a sa ɗin yana ina yanzu?

In birki ne, ko batir, ko fulogi, ko shokozoba na irin su Corolla da Carina da Starlet da suka cika gari, a nan cikin Garwa za a samu, kwana ɗaya ko biyu an gama. In ya ce sai an aiko daga Najeriya, daga Yola ta hanyar Gashiga ko daga Mubi ta wajen Gidar, to ka sa mako guda a ranka, da damina ma ka ƙara, don hanyoyin kan iyaka ba sa shiri da ruwan Agusta. In kuwa giyabos ne mai sarrafa kansa, ko kwamfutar mota, ko injin ɗan Beljiyam da sai an nemo a Kam Yabasi, kasuwar kayan gyaran mota ta Duwala, tafiyar fiye da kilomita 1,000 ce ta Yawunde da Ngaundare, kuma ba abin mamaki ba ne kayan su iso a tarar ba su dace ba a sake mayarwa. A nan maganar makonni ake yi. (Ka ɗauki hoton lambar shasi da na tsohon ƙarfen ka tura wa mai sayen ta WhatsApp da kanka. Kwatance ta waya shi ke jawo rabin wannan wahala.)

Dalilin da ya sa na fara da wannan shi ne, dabarar da ta yi daidai da kwana biyu takan zama fitina a mako uku. Ɗan'uwan da ya miƙo makulli da fara'a ran Litinin, ba shi ne za ka tarar ba bayan Litinin ta uku.

Abin da ya rage a gida

Gidaje da yawa ba sa rasa abu na biyu: ko tsohuwar mota, ko babur TVS ko Boxer na yaron shago, ko ƙaramin mashin na uwargida. Kuskuren da aka fi yi shi ne a tsaya kan tambayar wa za a bar wa motar. Da zarar an ce "wa", an taɓa girma, an taɓa kishi, magana ta ɓaci. Tafiye-tafiyen ya kamata a raba, ba mutane ba. A zauna bayan sallar isha a lissafo duk fitar da ake yi a mako, a ware waɗanda ba sa yiwuwa sai da mota. Za ka sha mamakin ƙarancinsu: kai ƙananan yara makaranta kafin bakwai da rabi, asibitin Hajiya ko awon mai juna biyu, da babban cefane. Sauran duk babur na iya yi, wasu ma ƙafa.

A nan ne zan faɗi abin da iyayen gida ba sa son ji. Mutumin da ya fi kowa sauƙin rabuwa da motar shi ne maigida. Shi kaɗai yake fita, hanyarsa ɗaya ce, daga Yalwa ko Lopere zuwa babbar kasuwa, sannan motar ta wuni a rana bakin shago ba ta tsinana komai, alhali a gida ana neman yadda za a kai tsohuwa asibiti. Abin da ke hana shi hawa babur ba nisa ba ne, idon mutane ne: kada a ce Alhaji ya karye. Wanda wannan ya dame shi, ga tsaka-tsaki. Ya fita da yara da safe, ya sauke su, direba ko babban ɗa mai lasin ya sauke shi a shago ya dawo da motar gida, a koma ɗaukarsa da magariba. Mai yana ƙaruwa, don hanyar shago ta zama sau huɗu maimakon biyu, amma motar ta yi wa gida aiki. A tuna da Laraba, ranar da makarantu ke tashi da tsakar rana. Jadawalin da ya manta da ita zai bar yara a bakin ƙofar makaranta cikin zafi.

Gidan da ke da mata biyu ko fiye, wasu kan ce mota ta bi girki. A baki abin ya yi kama da adalci, a aikace ba ya tafiya, domin zazzaɓin yaro ba ya duba ranar girkin uwarsa. Abin da na ga yana aiki shi ne maigida ya faɗi tsarin a gaban kowa lokaci guda, ba ɗaki-ɗaki ba: asibiti ne gaba, sai makaranta, sai abin da ya shafi abincin gida, biki da suna da ziyara su biyo baya, kuma duk wadda fitarta ta faɗa a baya za a ba ta kuɗin abin hawa daidai da na 'yar'uwarta. Gaisuwar mutuwa ba ta shiga wannan layi, tana zuwa ne ta ture komai, kowa ma ya san haka.

Sai maganar samari. Duk lokacin da mota ta yi ƙaranci, sai ka ga an miƙa wa yaro ɗan shekara 16 makulli, wai ai ya iya, unguwa ce kawai. Lasin mota a Kamaru sai an cika 18. Ba tsoron jandarma kaɗai ne abin dubawa ba, akwai inshora, zan zo kanta.

Ribar wannan hanya a bayyane take: ba ka ci bashin alherin kowa ba, ka san lafiyar abin da kake hawa, takardu da sunan gida. Illarta kuwa, nauyin motoci biyu ya hau kan guda, wadda galibi ita ce tsohuwar. A duba mata baƙin mai da ruwan lagireto tun ranar farko, musamman a Maris da Afrilu da zafin Garwa ke haura digiri 40, kada a wayi gari biyun duka suna gareji.

Motar Yaya

"Yaya, motata ta kwanta, ko za a taimaka mini da ƙaramar zuwa jibi?" Da wuya ka ji an ce a'a. Matsalar ke nan. A wurinmu hana ɗan'uwa aro abin kunya ne, don haka amsar "ba komai, aiko yaro ya ɗauka" ba ta nuna maka ko da gaske ba komai ɗin. Wataƙila matarsa ce za ta koma hawa babur saboda kai, kuma ba daga bakinsa za ka ji ba, sai bayan wata biyu daga bakin gwaggo.

Fara da kuɗi, tunda don su ake gudun sauran hanyoyin. Litar fetur a gidan mai ta tashi daga sefa 630 zuwa 730 a Fabrairun 2023, ta sake hawa zuwa 840 a Fabrairun 2024. Gas, wato dizal, kuma daga 575 ya kai 720, sannan 828. Ƙaramar Toyota a cikin gari takan sha kamar lita 9 a kilomita 100. In zirga-zirgar gidanka kilomita 30 ce a rana, kusan sefa 2,300 ke nan da farashin 840. In abin da Yaya ya ba ka babbar mota ce irin Prado ko Hilux mai shan lita 13, lissafin ya haura 3,200 a rana, kuma mutunci ya ce ka mayar da ita da mai fiye da yadda ka karɓa, a wanke. Aro bai rage maka kuɗin mai ba, sau da yawa ƙara shi yake yi.

A da akan rage zafi da zuwa-zuwa, man Najeriya na bakin titi. Tun da aka cire tallafin mai a can ranar 29 ga Mayun 2023, ratar da ke tsakaninsa da na gidan mai ta daina zama abin dogaro, yau ya yi sauƙi gobe ya yi tsada. Ko da ya yi sauƙin, kada ka zuba shi a motar wani sai ka tambaya. Tsohuwar mota mai kafireto takan haƙura da ɗan datti ko gauraye; ta zamani mai injekta, famfon mai ne ke fara mutuwa, ba kuma a ranar ba, sai bayan ka mayar. In yaro za ka aika shan mai, ka gaya masa fetur ne ko gas. Abin dariya ne har sai ya faru a motar surukinka.

Inshora ita ce wurin da mutane suka fi yin zato maimakon sani. Kamaru da Cadi suna bin dokar inshora guda ta CIMA, ƙungiyar inshora ta wasu ƙasashen Afirka, wadda aka sa hannu kan yarjejeniyarta a Yawunde a 1992. Sashe na 200 na dokar ya wajabta inshorar ɓarnar da mota za ta yi wa wasu, kuma ya ce wannan inshora ta haɗa da duk wanda ke tuƙin motar, ba mai ita kaɗai ba. Wato in ka buge wani da motar Yaya, inshorar Yaya ce za ta tsaya wa wanda aka buge, muddin ba ta ƙare ba. Labari mai daɗi ke nan. Marar daɗin shi ne, irin inshorar da akasarinmu ke yanka ita ce mafi araha, ta wajibi kawai, kuma ita ba ta biyan gyaran motar da kake ciki, ba ta biyan raunin direba. Gilashi ya fashe, ƙofa ta lotse, daga aljihu ne. In kuma wanda ke tuƙin ba shi da lasin ko bai kai shekaru ba, kamfanin zai biya wanda aka buge, sannan yana da damar juyowa ya nemi kuɗinsa a wurinku. Wannan ne hatsarin miƙa wa yaro makulli.

Wani abu da ke cikin sashen, wanda ya shafi taka motar da ke gareji: masu gyaran mota an cire su daga wannan kariya, doka ta ce su yanki tasu inshorar. Ƙananan garejin unguwa nawa ne suka yi haka? Saboda haka in ka bar mota, ka kwashe takardunta ka tafi da su, ka duba lambar kilomita a gaban makanike, ka ce in za a fita gwaji a kira ka. Yaran gareji ba sa zuwa sayen abinci da motar da ba ta da takardu a ciki, ko dai sukan yi tunani sau biyu.

To, in motar aro ta lalace a hannunka ba tare da hatsari ba fa? Kuloci ya ƙone, ko gaskit ya tafi. A nan zumunci ke shan wuya, don kowa na da gaskiyarsa: kai ka ce dama ta kusa, shi ya ce lafiya lau ya ba ka. Wanda ya yi karatun Risala a zaure ya san malaman Malikiyya sun raba kayan aro gida biyu. Abin da ake iya ɓoyewa, kamar tufa ko kayan ado, mai aro ne ke lamuninsa. Abin da ba ya ɓoyuwa, kamar dabbar hawa, ba ya lamuni sai in ya ƙetare iyaka. Yadda za a ɗora mota a kan wannan, aikin malaminku ne, amma ma'anar ƙetare iyaka ba ta da duhu: an ba ka don cikin gari ka tafi Figil, an ba ka don kai yara ka loda buhunan masara, an ba ka kai ka ba ƙaninka. Ko da hukunci ya wanke ka, kunya ba za ta bar ka ka mayar da mota a kan igiya ka ce ba ruwanka ba. Za ka biya, ga kuma kuɗin gyaran taka na jira. Hausawa ba su yi ƙarya ba da suka ce kayan aro ba ya rufe katara.

Duk da haka ban ce kada a yi aro ba. Akwai aron da ba ya barin tabo: na tafiya guda, mai suna, mai lokacin dawowa. "Yaya, Hajiya na da ganin likita ran Alhamis da safe, ina son motar daga takwas zuwa azahar." Wannan kowa zai yi shi da zuciya ɗaya. Ya fi kyau ma in motar ta zo da direbanta, ka ba shi na goro, don shi ya san halinta, kuma duk abin da ya same ta a hannun ɗan gida ya same ta. Aron da ke ɓata tsakani shi ne na "har a gama gyara", wanda ba wanda ya san ranar ƙarewarsa. Kafin ka tayar, buɗe aljihun gaba ka ga kart giriz (takardar mallakar mota), takardar inshora da ranar ƙarewarta, da ta bizit (binciken lafiyar mota). A shingen jandarmomi kai za a tsayar a rana, ba mai motar ba. Ka leƙa safaya da jak.

Motoci biyu ne zan ce a bar su ko an yi tayi. Ta suruki, don in wani abu ya faru ba ka da bakin yin bayani, matarka ce za ta tsaya a tsakiya. Da ta wurin aiki, ta gwamnati ce ko ta kamfani, don wanda ya ba ka ba tasa ba ce, aikinsa ya ɗora a kan alfarmar da ya yi maka.

'Yan babur

A Garwa da Marwa da Ngaundare tasi ta yi ƙaranci, babur ne ke ɗauke da gari. Ta fuskar kuɗi, bai kai tsadar da masu mota ke zato ba. A ce kowace tafiya sefa 200 ce, gida kuma na yin tafiya takwas a rana, 1,600 ke nan, ƙasa da man ƙaramar mota a lissafin da ya gabata. Sai tafiye-tafiyen sun kai goma sha biyu kafin su kamo shi. In baburin na gida ne, abin ya fi haka sauƙi nesa ba kusa ba, don mashin mai ƙarfin 125 bai cika wuce lita 3 a kilomita 100 ba.

Tare ɗan babur a titi da yin abonma, wato jinga, da wanda aka sani, na wata ko na mako, ba abu ɗaya ba ne. Na titi ya dace da babba mai fita shi kaɗai, kuma ya dace da gyaran kwana biyu. Da zarar an shiga mako, ga yara a ciki, abonma ce hanya: mutum guda, ɗan unguwa, magidanci in da hali, wanda aka san gidansa da lambar wayarsa, ya zo ƙarfe bakwai ya dawo lokacin tashi. A yi ciniki a fili, a faɗi yara nawa, sau nawa, da abin da za a yi ranar da mashin ɗinsa ya lalace. A biya shi mako-mako, ko ta Orange Money ko MoMo don a sami shaida, kada a ba shi na wata gaba ɗaya tun ranar farko. Dokar 2008 da ta tsara sana'ar ta nemi ɗan babur ya mallaki lasin na rukunin A da hular kwano. A titi ba za ka tsaya bincike ba, amma wanda za ka damƙa wa 'ya'yanka kullum, ka tambaya.

Inda babur ya gaza, ya gaza ƙwarai, kuma ba kuɗi ne ma'auninsa ba. Kowa ya saba ganin yara huɗu a mashin ɗaya, ɗaya a kan tanki, jakunkuna na lilo. Sabo bai mayar da shi daidai ba. Gara ɗan babur ya yi sawu biyu a ƙara masa kuɗi. Yaron da bai kai ya riƙe kansa ba, ɗan makarantar reno da ke iya yin barci a hanya, wannan na mota ne ko na bayan babba. Tsohuwa mai ciwon gwiwa ko hawan jini, mai tsohon ciki, wanda aka yi wa aiki, duk ba nasu ba ne. Mata su tattare hijabi da bakin zane, maza su tattare babbar riga, don sarƙa da tayar baya ba sa jira. Ƙunar salansa a ƙwaurin yara ma ta isa abin kula. Da damina kuwa, ruwa na saukowa 'yan babur ke ɓacewa ƙarƙashin rumfuna, wanda ya rage ya ninka kuɗi. Mutanen Marwa da kewaye na da ƙarin abin lura: tun 2014 hukuma ta sha taƙaita zirga-zirgar babura da dare saboda tsaro, don haka gidan da ke da marar lafiya kada ya dogara da mashin kaɗai bayan isha. Ko a ina kake ma, ka san maƙwabcin da za ka ƙwanƙwasa wa ƙofa ƙarfe biyun dare, ka kuma gaya masa tun da rana cewa motarka ba ta nan.

Kaya kuwa ba su da wata matsala. Buhun gero, tukunyar gas, katan-katan na shago, mai keke mai ƙafa uku zai kai su ƙofar gida da kuɗi kaɗan, ya ma fi but ɗin mota ɗauka.

Haya, da fita bayan gari

Hayar mota a nan galibi ta mutum ce da direbansa, kuɗin yini daban, mai daban. Ita ce mafi tsada in aka auna da rana, shi ya sa ba wanda zai riƙe ta mako biyu don kai yara makaranta. Amfaninta na rana ɗaya ne mai nauyi: ɗaurin aure a Gidar, kai amarya, ɗauko baƙi daga filin jirgi, ranar jarrabawar sakandare ta BEPC ko bakaloriya da ba a yarda a makara ba. Abin da ta fi aro da shi, in ta lalace ba naka ba ne, in an gama an gama, ba wanda zai tuna maka. A yanke magana tun farko kan awa nawa, wa ke ciyar da direba, wa ke biyan faci. Matan gida da na maƙwabta in biki ɗaya za su, su haɗa kuɗi su ɗauki guda. Ya fi a ga kowacce da kwalliyarta a bayan mashin cikin ƙurar hunturu.

Doguwar tafiya kuwa, ban ga dalilin yin ta da motar aro ba. Garwa zuwa Marwa kusan kilomita 210 ne, zuwa Ngaundare kusan 275, ga hawan falez, tsaunin da ke kusa da Ngaundare, da ke gwada birki da lagireton kowace mota. Ba wurin da za ka fara sanin halin motar da ba taka ba ne. Motocin Touristique Express da Danay Express na bin hanyar nan kullum. Mutum ɗaya ko biyu, tikiti ya fi man mota sauƙi. Wanda zai tsallaka gadar Ngeli daga Kuseri zuwa Njamena, ya san ana neman katin inshora na CEMAC, ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Tsakiya, kuma motar da sunan wani ke kan takardunta tambayoyi take jawowa; in dole ne, a tafi da rubutaccen izinin mai ita mai hatimi. In tafiyar na ɗaguwa, a ɗaga ta har mota ta fito.

In an haɗa duka, ga yadda zan yi. Gyaran kwana ɗaya zuwa uku, ba na aron komai: abin da ke gida ya ɗauki yara da marar lafiya, manya su tare babur. Gyaran mako guda, haka ɗin dai, sai a ƙara aro na tafiya ɗaya ko biyu masu suna. In kaya daga Duwala ake jira, tun ranar farko zan nemi ɗan abonma, in faɗa wa gida jadawali, in ajiye alfarmar Yaya don ranar da ba makawa. Gidan da mota ɗaya ce tak ba ta biyu, shi ne aro ya fi ja, kuma shi ne ya fi buƙatar ya yi abonma da wuri, don shi ne zai fi daɗewa da makullin mutane in ya fara. Wasu a irin wannan hali kan sayi babur na hannu su sayar bayan an gama. In akwai mai lasin a gidan kuma takardun mashin ɗin sun cika, dabara ce mai kyau, sau da yawa ma ba a sayarwa.

Ranar da makanike ya kira ya ce an gama, kada ka sallami ɗan abonma a ranar, bar shi ya cika makonsa. Babban gyara, musamman na injin ko giya, yakan nemi a koma a ɗaure wani abu cikin kwanakin farko. Ka riƙe wani kaso na kuɗin aiki, ka karɓi tsohon ƙarfen da aka cire, ka sa makaniken a gefenka ku hau titin Pitowa ku dawo da rana tsaka. In allurar zafi ta haura rabi, ko giya na fizga, ko ka ga ɗigo a ƙasa bayan kun tsaya, ku wuce gareji kai tsaye kafin ka cika masa kuɗinsa.